Yadda Penitito Ya Kwantar da Yaran Tuapala

Duk wanda ya taɓa cin abincin biki a ƙauyenmu na Tuapala ya san ɗanɗanon gwaza mai sanyi, kuma ya san wanda ya jawo. Penitito ne. Shi ke magana da yawun manyan gari, shi ke riƙe da doguwar sandar jawabi da izgar zaren kwakwa, kuma ba a taɓa abinci sai ya kai aya. Kafin ya gode wa Allah, ya gode wa baƙi, ya bi kakannin baƙin ɗaya bayan ɗaya har ya dangana da kwalekwalen da ya kawo su tsibirin nan, madarar kwakwa ta daskare a kan kifi, ƙudaje sun ci sun ƙoshi sun kama gabansu. Da za a ce ya zaɓa tsakanin bakinsa da ƙafafunsa, da rarrafe zai koma gida yana bayani.

Shekara ashirin da suka wuce ya yi wata goma sha ɗaya a birnin Aukilani, can ƙetare, yana gadin wani kantin katifa. Har yau bai gama ba da labarin waɗannan watanni ba.

Wata Litinin, saura mako huɗu Lahadin Yara, ranar da yaran gari ke sa fararen kaya su tsaya gaban coci su kawo haddar ayoyi, Malama Tausala shugabar firamare ta kawo kuka majalisa. Ta zauna a bakin tabarma ta ce yara sun mayar mata da aji ɗakin kwana. Wasu ba sa kwanciya sai an kashe talabijin, wasu suna shiga gidan sauro da wayar iyayensu, wasu kuma firgita suke yi su tashi da kururuwa. Akwai yaro guda da minshari ke sarƙe masa numfashi, wannan sai asibiti. Akwai ma mai tashi ta yi tafiya ido a buɗe alhali barci take yi. Abin da ta roƙa bai taka kara ya karya ba. A tsayar wa yara lokacin kwanciya guda, a karɓe wayoyi da magariba, a daina jan gwajin waƙa har dare, yaron da ke jin tsoro kuma wani babba ya zauna kusa da shi har barci ya ɗauke shi. Cikin minti uku ta gama, shi ya sa babu wanda ya ɗauki maganar da nauyi.

Penitito ya gyara zama, ya wurga izga kafaɗar dama, ya dawo da ita ta hagu.

"Ranku ya daɗe, Malama ta yi iya ƙoƙarinta, amma alli daban, barci daban. Ni nan da kuke gani na kwana da katifa ɗari huɗu a ɗaki ɗaya. Babu irin barcin da ban sani ba."

"Au, ashe ba gadi aka ɗauke ka ba, gwajin kaya ne," in ji Uelese.

Uelese maƙwabcinsa ne, masunci, kuma shekara talatin ke nan suna rigima a kan bishiyar mangwaro ɗaya da ta tsiro a iyakar gidajensu. Majalisa ta yi dariya, Penitito ya yi kamar bai ji ba. Ya shiga bayanin barcin Turawa da barcin Sinawa, da yadda mai kantin da kansa yake kiransa gefe ya nemi shawara. Sa'a ɗaya da rabi ya kwashe. Da ya tsaya haɗiye yawu, Uelese ya tambaya cikin ladabin mugunta ko me za a yi idan aikin bai yi ba.

"Idan ranar Lahadin Yara yaro ɗaya tak ya yi gyangyaɗi a gaban baƙi, ga sandata, ga izgata. Shekara guda kada a ji muryata, ko a majalisa, ko a biki, ko a makoki."

Tsoho Mulivai, babban gari, wanda maganar gyaran famfo ta shekara biyu a gabansa yana nazari, ya amince tun Penitito bai rufe baki ba.

A gida ya tarar da matarsa Fuatino tana saƙar tabarma, labari kuwa ya riga shi isowa. Ba ta ɗago kai ba ta ce da ya fara da ta gidansa. Jikarsu take nufi, Sialei, 'yar shekara takwas. Wata biyar ke nan da uwarta Lupe ta tafi Ostireliya aikin tsinkar 'ya'yan itace, kuma tun ranar yarinyar ba ta sake yin barcin kirki ba. Idanunta sun faɗa, ta daina rigima da kowa, abin da ya fi damun kakar ke nan.

"Ni ba na magani ɗai-ɗai, tsohuwa. Gari guda zan warkar, ita ma ta shiga ciki."

Fuatino ta ce to, ta ci gaba da saƙarta.

A gaban coci akwai tsohuwar tukunyar gas rataye a jikin bishiya, ita ce ƙararrawarmu. Idan aka buga ta a hankali da magariba, lokacin addu'a ne, kowa ya zauna inda yake. Idan kuwa aka buga ta da sauri babu tsayawa, ma'anarta ɗaya ce, ko jariri ya sani: teku ta taso, a gudu kan tudu. Penitito ya yanke cewa za a ƙara bugu na uku, na barci, ƙarfe takwas daidai. Ya ma sanar a majalisa, sai dai ya sanar ne a cikin sa'a ta biyu ta jawabinsa, lokacin da rabin manya ke kallon tururuwa, rabi na tunanin abincin rana.

Ƙarfe takwas ya ɗauki guntun rodi ya buga sau ɗaya, ya saurara. Talabijin na ta ihu a kowane gida. Ya buga na biyu, wasu yara suka wuce shi da gudu suna wasan kamo. Ransa ya ɓaci. Wato shi za a raina? Ya ɗaure zanensa tamau, ya kama rodi da hannu biyu, ya shiga dukan tukunya kamar ta ci masa mutunci.

Kafin ka ce me, gari ya tashi. Mata suka suri jarirai, samari suka ɗora surukar Fasto a baro suka yi gaba da ita tana riƙe da littafin waƙa. Uelese ya fito da injin kwalekwale a kafaɗa, matarsa na binsa tana tambaya ko injin ne ya haifa masa 'ya'ya biyar. Penitito ya ga jama'a na kwarara ta gabansa, ya tsayar da duka, ya tare wata mata ya tambaye ta lafiya.

"Teku!" in ji ta, ba ta ko waiwayo ba.

Ya yar da rodi, ya tattare zane har cinya, ya ranta a na kare. Mutumin da gwiwa ke hana shi zuwa aikin gayya, a daren nan samari uku ya wuce a hawan tudu, kuma shi ya fara isa.

Can sama aka zauna cikin sauro, ana ƙirga yara, ana addu'a, ana leƙen teku. Ita kuwa tana kwance lumui, wata na haska ta. Sai wajen ƙarfe ɗaya Tsoho Mulivai ya tambayi wanda ya ga ruwa ya buga ƙararrawa. Kowa ya dubi na kusa da shi. Penitito ma ya shiga waige-waige yana taya nema, har da girgiza kai. Sialei ce ta ce cikin ƙaramar murya ta ga Kaka ya fita da rodi.

Ba a taɓa kama shi babu amsa ba. Ya ce ai da gangan ya yi, hawan tudu na sauke gajiya a jiki, gajiya kuwa ita ce uwar barci, haka ake yi a Aukilani.

"Shi ya sa ka riga kowa shan maganin," in ji Uelese, yana murza kafaɗar da injin ya goge.

Washegari yara talatin da ɗaya cikin hamsin da takwas suka kife kai a kan tebur kafin a tashi tara. Majalisa ta hana Penitito matsawa kusa da tukunyar gas, ko da inuwa yake nema.

Wannan bai rage masa komai ba. Ya tuna cewa matar mai kantin katifa takan ba 'ya'yanta wani abu mai zafi a kofi kafin su kwanta. Bai taɓa leƙa kofin ba, amma me ake sha da zafi in ba koko ba, wannan da ake yin cakulan da shi? Ya tara matan gari ya sa suka toya 'ya'yan koko a kan wuta, suka daka, aka tafasa a babbar tukunyar biki. Da ya ɗanɗana ya ce wannan ai na baƙi ne, magani sai ya yi ƙarfi. Aka ninka, aka zuba sukari da kwano, abu ya fito baƙi wuluk, cokali na iya tsayawa a ciki. Fuatino ta ja shi gefe ta tuna masa cewa irin wannan masunta ke ɗura wa cikinsu don kada barci ya kwashe su a teku. Ya ce mata masunta manya ne, a jikin yara juyawa yake yi.

Kowane yaro kofi biyu ya samu, masu wayo uku. Ƙarfe sha ɗayan dare ana buga ƙwallon zari-ruga a filin coci, 'yan aji biyu na rera waƙoƙin Lahadin Yara da iya ƙarfinsu, ɗan autan Fasto yana ƙololuwar bishiyar kwakwa ya ce ba zai sauko ba sai ya hango Apia babban birni. Iyaye suka yi cirko-cirko a bakin fili da tsintsiya a hannu, an rasa wanda za a fara kamawa. Penitito ya bi su ɗaya-ɗaya yana kwantar musu da hankali, wai rashin barcin ne ke fita daga jikin yaran, kamar yadda zazzaɓi ke fita da gumi. Kwana uku aka yi ana wannan gumi kafin matan gari su ɓoye tukunyar.

Malama Tausala ta tare shi a hanya ta roƙe shi don Allah ya bar yaran haka, ko yadda suke a da ma ta yarda. Ya yi mata murmushin tausayi. Ya ce matsalar ita ce babu sa ido, kuma sa ido shi ne ainihin sana'arsa.

Ya tono tsohuwar hular gadinsa daga ƙasan akwati, ya sayi batir, ya fara sintiri. Gidajenmu dai ginshiƙai ne da rufi, babu bango, don haka babu ƙofar da za a rufe masa. Sai ya zo daidai gidan sauro ya dalle yaro da tocila a fuska ya tambaya, "Ka yi barci?" Wanda ya ce e, sai ya ce madalla ya wuce. Wanda bai amsa ba, sai ya girgiza shi don ya tabbatar ba yaudara ba ce. Karnukan gari suka ɗauki abin a matsayin gayyata, duk inda ya sa ƙafa suna biye suna ba da rahoto. Har yaron nan mai minshari ya tashe shi sau biyu a dare ɗaya, ya gargaɗe shi ya rage murya saboda maƙwabta.

A dare na huɗu ya zagayo ta bakin titi, inda motar haya ke tsayawa. Batir ya yi sanyi, tocila na lumshewa. Sai ga wani abu fari, gajere, tsaye cak kusa da kabarin kakan Uelese, gashi a barbaje, yana fuskantar hanyar Apia. Penitito ya yi gyaran murya, abin bai motsa ba. Ya ce shi ma'aikacin majalisa ne, abin ya ɗan taka gaba, ido a buɗe, bai ko dube shi ba.

Ihun da ya yi har ƙauyen gaba an ji. Ya juya da gudu, ya yi karo da shingen aladun Uelese, shinge ya kwanta, shi ma ya kwanta a cikin taɓo, aladu shida suka bi ta kansa suka shiga gari. Fitilu suka taso ta ko'ina, maza da adduna, Fasto da littafi. Uelese ya haska shi daga sama har ƙasa ya tambaya ko wannan ma cikin tsarin Aukilani yake.

Ba a kai ga dariya ba sai ga Fuatino ta fito daga duhu, yatsa a kan leɓe. Dama tana biye da farin abin tun daga gida. Ta je a hankali ta dafa kafaɗarsa, ta juya shi, suka nufi gida taku ɗaya-ɗaya. Da suka shigo hasken fitila kowa ya gani. Sialei ce cikin farar rigar barcin uwarta, wadda ta kai mata har idon sawu. Mutane suka ja gefe suka ba su hanya, ko tari babu wanda ya yi.

Da ya gama wanke taɓo ya shigo, Fuatino ta gaya masa a taƙaice. Sau biyu ko uku a mako yarinyar ke tashi cikin barci ta je inda mota ta ɗauki uwarta, ta tsaya. Ita kuma ta bi ta, ta dawo da ita, da safe ba ta tuna komai.

"Wata biyar, tsoho. Kai kana nan taku uku da ita kana minshari."

Maganar ta soke shi, gaskiya. Ya ji kunya, ya ji tausayin yarinyar, ya kwanta yana kallon rufi ya kasa runtsawa. Da a ce daren ya ƙare a nan, da wataƙila ya yi hankali. To amma rashin barcin ya sa a karon farko cikin shekara da shekaru ya ji carar zakaru da kunnensa, tun ƙarfe uku. Kafin gari ya waye kunya ta tafi, ya gano asalin cutar.

Ranar Juma'a ya bi gida-gida da sunan majalisa ya tattara zakarun gari, goma sha tara, ya kife su a kwanduna ya zuba a siton coci inda babu taga, ya ja ƙofa. Ranar Asabar kuma, jajiberin biki, ya fito da dabarar da ya ce ita ce ta ƙarshe. Barci kamar ruwan sama ne, in ji shi, tara shi ake yi a tanki. Don haka kowane yaro ya kwanta ƙarfe huɗun la'asar. Yaran da suka yi mako huɗu ana gasa musu aya a hannu ba su yi gardama ba, kafin rana ta faɗi gari ya yi tsit. Penitito ya sa sabon zane ya zagaya ƙauye hannu a baya, yana amsa gaisuwar da ba a yi masa ba. A gindin mangwaro ya tsaya ya shawarci Uelese da ya fara koyon ba da haƙuri tun yanzu.

Ƙarfe sha biyun dare tankin ya cika. Yara suka farka garau, da yunwa, suna tambaya ko gari ya waye. Babu zakaran da zai raba gardama. Wasu suka yi wanka suka sa fararen kayansu, suka zauna a kan matakala suna maimaita ayoyi. Haka suka yi ta jiran safiya har ta gaji ta zo.

Coci ya cika maƙil. Babban Fasto na yanki da matarsa suna kujerar gaba, 'yan uwa daga Apia sun zo da hulunansu masu faɗi. Yara hamsin da takwas na zaune a jere a gaban mumbari, fari fat, furanni a wuya. Fasto ya ba Penitito minti biyar ya yi wa baƙi maraba, ya ma nuna masa yatsu biyar don kada a yi musu.

Penitito ya kafa sanda, ya wurga izga, ya juya wa yara baya ya fuskanci baƙi. A minti na ashirin yana kan kakan Babban Fasto na wajen uwa. A daidai nan wata 'yar aji ɗaya ta sulale a kafaɗar ta kusa da ita, ita ma ta sulale a kan ta gaba, layin farko ya kwanta gaba ɗaya. Iyaye suka fara zare ido suna yi wa 'ya'yansu alama, babu wanda ya gani. A minti na arba'in ya iso kan aikin da ya yi wa gari. Ya ba da labarin yadda ya tarar da yaran Tuapala suna gyangyaɗi kamar kajin da aka jiƙa, da yadda ilimin da ya samo a ƙetare ya tashe su tsaye. Ya ga baƙi na murmushi, matar Babban Fasto ta toshe baki da mafici, ya ɗauka daɗin jawabi ne, ya ƙara murya.

"Ba sai na cika ku da surutu ba, ranku ya daɗe. Ku dubi idanunsu da kanku."

Ya juya da sanda ya nuna. Wasu sun kife, wasu sun jingina, ɗan autan Fasto ya miƙe sosai a kan tabarma ya yi matashi da littafin waƙa. Minsharin yaron nan ne kaɗai ke amsa masa.

Matar Fasto ta yi tunanin ko kiɗa zai ceci rana, ta lallaɓa sito ɗauko ganga. Tana buɗe ƙofa, zakaru goma sha tara da suka kwana biyu a duhu, sun riga sun tuntsurar da kwanduna, suka ga haske suka yanke cewa asuba ta yi. Suka ɓarke cikin coci suna cara suna rama bashin kwana biyu na shiru, ɗaya ya hau mumbari, ɗaya ya sauka a kan hular wata baƙuwa. Manya suka miƙe suna kora da mafitai. Cikin yaran kuwa ko wanda ya juya babu.

Da ƙura ta lafa, Penitito ya share gumi ya ce a gaskiya idan aka duba da kyau, barci aka ce yara ba sa samu, ga shi kuwa ya samar.

"Gyangyaɗin yaro ɗaya ka ce," in ji Uelese daga kujerarsa. "Mu ba mu san sari za ka kawo ba."

Penitito ya bi layukan da ido kamar mai neman tsira a ruwa, sai ya hango ɗaya a zaune tsaf a can ƙarshe, ido biyu. Ya nuna ta da sauri ya ce ga jikarsa nan, shaida ce, wadda ta fi kusa da magani ita ta fi amfana. Sialei ba shi take kallo ba, ƙofa take kallo, ta inda ake hango titi.

Fuatino ba ta ɗaga murya ba, amma coci ya yi shiru har kowa ya ji.

"Ita ko ta so ba ta iyawa, tsoho."

Tsoho Mulivai ya miƙo hannu kawai. Penitito ya dubi sandar, ya dubi izgar, ya ba da su ɗaya bayan ɗaya. A ranar aka ci abincin biki da zafinsa, har wasu suka ƙona harshe don rashin sabo.

Da yamma ya zauna a bakin gidansa ya jingina da ginshiƙi, hannuwansa sun rasa abin riƙewa. Bai ci komai ba. Bayan ƙararrawar addu'a Sialei ta zo ta zauna kusa da shi, har yanzu da furen bikin a wuya. Ta ce ta iya ayarta, ba a dai kira ta ba. Ya ce ta faɗa masa. Ta faɗa tiryan-tiryan ba tuntuɓe, sannan ta kwantar da kai a cinyarsa. Ya ja numfashi zai fara yi mata bayanin yadda ake kwanciya ta gefen dama, sai Fuatino ta dube shi daga inda take naɗe tabarma.

"Hukuncin bai shafi gida ba, amma ka gwada shi a nan ma."

Ya haɗiye bayanin. Can yarinyar ta kamo hannunsa ta ɗora a kanta, ta ce Mama takan sosa mata nan. Ya shiga sosawa da manyan yatsunsa, a hankali, ba tare da ya san ko daidai yake yi ba. Ba a yi minti goma ba numfashinta ya sauka, hannunta ya saki zanensa, jikinta ya yi nauyi irin na yaron da ya yi nisa. Fuatino ta zo ta leƙa fuskarta, ta daɗe tana kallo, sannan ta goge ido da gefen riga ta koma ciki.

Penitito ya ji wani abu ya cika masa ƙirji. Ga shi dai ya yi. Da hannunsa, ba ƙararrawa, ba tocila. Jawabi guda cikakke ya taso masa tun daga ciki, da gabatarwarsa da komai, kuma a daidai lokacin Uelese ya ɓullo ta gindin mangwaro yana sakace.

"Likitan barci, an wuni lafiya? Na ce ko za ka aro mini hular nan taka, aladuna na fama da rashin barci."

Amsa ta zo wa Penitito nan take, amsar da ta fi duk wadda ya taɓa mayarwa cikin shekara talatin, wadda za ta kwantar da Uelese mako guda. Ya buɗe baki. Sialei ta ɗan motsa, ta ƙara gyara kai a cinyarsa.

Ya rufe bakin. Uelese ya matso zai ƙara, ya ga abin da ke cinyar, ya tsaya. Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya koma gida a kan yatsu.

Ƙafar Penitito ta mutu tun kafin wata ya fito, sauro suka yi biki a wuyansa, bai kore su ba don kada ya motsa. Yarinyar ba ta farka ba sai da zakaru suka yi cara, kuma a daren nan babu wanda ya je bakin titi.